Babi na Biyar: Ina Ƙarfen Ya Tafi?

Idan asid ya ci ƙarfe, ina ƙarfen yake tafiya? Yara suna yin wannan tambaya a fili, manya kuma suna yinta a zuci. Wuta idan ta ci itace takan bar toka, tsatsa ma takan bar jan gari a hannun wanda ya taɓa ta. Amma a jefa ɗan guntun zinki cikin kwalbar asid a gani. Ruwan zai kama tafasa alhali babu wuta a ƙarƙashinsa, guntun ya yi ta ƙanƙancewa, can a leƙa a tarar babu shi. Ruwan kuwa ga shi nan garau, sai ɗan baƙin dattin da ya kwanta a ƙasa. Mai ido zai rantse ƙarfen ya ɓace. Mai sikeli zai ce a dakata tukuna.

A rumfar mai liƙi

Mutumin Ƙonni ko Malbaza ko Illela yana iya ganin wannan abu ba tare da ya taka ɗakin gwajin wata makaranta ba. Ƙasar albasa ce. Albasar Galmi ta kai kasuwannin Abijan da Akara, noman rani a fadamar Maggiya kuma yana cin butocin ban ruwa da bokitai ba ƙaƙƙautawa. Ga tsofaffin manyan motoci da ke bin titin Yamai zuwa Maraɗi, ko su ratse a Tsarnawa su nufi Badagishiri da Tawa, kowace da lagireton da wata rana zai yi yoyo. Duk inda buta ke hujewa, lagireto ke ɗiga, akwai mai liƙi da dalma yana jiran aiki.

Ka duba gefen murhunsa. Ban da guduma da almakashi da ƙarfen liƙi da ke cikin garwashi, za ka ga wata 'yar kwalba mai ruwa, da tsinke ko gashin kaza a ciki. Da ruwan nan yake shafa wurin da zai liƙe kafin ya ɗora dalma, kuma galibi shi yake haɗa abinsa. Yakan zuba asid a kwalba mai faɗin baki, ya ajiye ta a waje, ya sa yaron shago ya riƙa jefa guntayen zinki, sau da yawa daga kwanson tsohon batir ɗin tocila da aka fasa aka wanke.

"Maigida, in ƙara?"

"Ƙara, har sai ya ƙoshi ya daina ci."

Idan kumfa ta tsaya, aka ga sauran zinki kwance a ƙasa asid ya kasa taɓa shi, ruwan liƙi ya haɗu. Wannan mutumin ya san yadda ake yi sarai, ya fi ɗalibai da yawa iya hannu. Abin da za mu ƙara masa shi ne dalili.

Abokan karon

Zinki ƙarfe ne fari mai ɗan shuɗi-shuɗi. Shi ne fatar da ke kan kwanon rufi da bokitin ƙarfe da bututun famfo, shi ne kuma kwanson batir mai araha. Yana narkewa a wajen digiri 420 na ma'aunin Selsiyus, yana tafasa ya zama tururi a digiri 907. Wannan tafasar da wuri ita ta sa ya daɗe yana kufce wa maƙeran duniya: zafin da ake bukata a raba shi da dutsensa ya wuce zafin da yake tashi sama, sai ya bi hayaƙi ya gudu. Mutanen Zawar a ƙasar Indiya ne suka gano dabarar kama tururin a tukwanen da aka kife, ɗaruruwan shekaru kafin Andreas Marggraf ya ware shi a birnin Balin a 1746.

Asid ɗin da muke magana a kansa shi ne haidirokulorik. Tun da daga gishirin miya aka fara samar da shi da yawa, kamar yadda Johann Glauber ya riƙa yi a ƙarni na 17, bari mu riƙa ce masa asid ɗin gishiri. Shi ne wanda magina ke saye a shagon kayan gini don wanke ragowar siminti daga kan tayil. Kada a haɗa shi da ruwan batir ɗin mota, wancan asid ɗin salfa ne, danginsa daban. Asid ɗin gishiri asalinsa iska ce mai shaƙe hanci da aka narkar cikin ruwa, shi ya sa mai ƙarfinsa yake hayaƙi da an buɗe murfi. Mafi kaurin da ake sayarwa bai cika wuce kashi 37 cikin ɗari ba, sauran duk ruwa ne. A 1810 Humphry Davy ya tabbatar cewa abu biyu kacal ke cikin iskar: haidirojin da kulorin.

A cikin ruwa waɗannan biyun ba sa zama manne da juna. Kulorin yana ƙwace ɗan elektiron guda da haidirojin ya mallaka, kowa ya kama gabansa. Kenan kwalbar asid cike take da ƙwayoyin haidirojin da suka rasa elektiron suna neman inda za su samu. Wannan yunwar ita ce kaifin asid.

Kokawar cikin kwalba

Mu ɗauki ruwan kwalbar a matsayin filin kokawa, irin wanda jama'ar jihar Tawa suka sani tun da aka fara gasar takobi a garinsu a 1975. Haidirojin ne ke riƙe da fili. Kulorin ya cika gefe, ɗan kallo ne, daga farko har ƙarshe ba ya shiga. Sai ga zinki. Kowace ƙwayar zarra ta zinki tana da elektiron biyu a bayanta da ba ta riƙe da ƙarfi. Da ƙwayoyin haidirojin sun taɓa jikin ƙarfen, sai zinki ya sakar musu biyun nan. Ƙwaya biyu na haidirojin su karɓi ɗaya ɗaya, su haɗe su zama iska, su fice daga ruwan. Ita ce kumfar da kake gani. Ƙwayar zinkin da ta yi kyautar kuma ba za ta iya ci gaba da manne wa 'yan uwanta ba, sai ta ɓalle ta shige cikin ruwa, ta zama ita ce mai fili. Bambancin wannan kokawar da ta 'yan Adam ɗaya ne: a nan wanda ya fi saurin sakin hannu shi ke kayarwa.

Masana suna taƙaita labarin a layi guda:

Zn + 2HCl → ZnCl₂ + H₂

To ga amsar tambayarmu. Ƙarfen yana nan cikin kwalba, ya narke ne a siffar da ido ba ya gani domin ba ta da launi. In kana shakka, ka ɗora ruwan a wuta a fili har ya ƙafe: farin gishiri zai rage, kuloraid ɗin zinki. In an tura wutar lantarki cikin ruwan kuma, ana iya mayar wa zinki da elektiron ɗinsa ya sake fitowa ƙarfe a jikin waya. Baƙin dattin da ya kwanta a ƙasa kuwa baƙi ne da suka raɓu da zinkin tun daga masana'anta, irin su dalma, waɗanda asid ɗin bai iya da su sosai ba.

Kamar yadda 'yan kokawa suke hawa-hawa, haka ƙarafa. Maganiziyam da alminiyam suna gaban zinki. Baƙin ƙarfe yana bayansa, sai kuza, sai dalma, kuma duk waɗannan suna iya fitar da haidirojin daga fili, ko da yake dalma da ƙyar take motsi. Daga nan sai layin haidirojin kansa. Jan ƙarfe da azurfa da zinariya suna ƙasa da layin, saboda haka zoben zinariya zai kwana cikin asid ɗin gishiri ya wayi gari lafiya lau. Tagulla mai ruwan ɗorawa da ake yin kan famfo da ita gauraye ce ta jan ƙarfe da zinki. Idan ta daɗe cikin ruwa mai tsami, zinkin ne ke zarewa a hankali ya bar jan ƙarfen, shi ya sa tsohon kan famfo yakan yi ja ya kuma yi gautsi.

Kuskuren Cavendish

Wanda ya fara tara iskar nan ya auna ta da kyau wani attajiri ne ɗan Ingila mai tsananin kunya, Henry Cavendish. A 1766 ya gwada zinki da baƙin ƙarfe da kuza cikin asid ɗin gishiri da na salfa, ya kama iskar da ke fita, ya tarar nauyinta kaɗan ne ƙwarai kuma tana cin wuta. Yau mun san iskar da muke shaƙa ta ninka ta nauyi kusan sau 14.

Ya lura da wani abu da ya ɓatar da shi. Idan ya ɗauki zinki mai nauyi kaza, yawan iskar da zai samu ɗaya ne, ko wane asid ya zuba. Sai ya yanke cewa iskar daga cikin ƙarfen take fitowa, asid ƙofa kawai yake buɗe mata. A ganina duk mai hankali da ke zaune a kujerarsa haka zai yanke, domin awonsa daidai ne. Fassarar ce ta goce. Iskar ta asid ce, amma kowace ƙwayarta sai da elektiron biyu take samuwa, kuma zinki ne mai bayarwa. Yawan ƙarfen shi ke ƙayyade yawan elektiron, saboda haka shi ke ƙayyade yawan iska, muddin asid ya wadata. Ba a gano elektiron ba sai a 1897, shekara fiye da ɗari bayan gwajinsa.

Shi dai Cavendish ɗin ne ya ga cewa idan iskar ta ƙone, raɓa ce ke kwanciya a jikin kwalba. Antoine Lavoisier na Faransa ya ɗauki wannan a 1783 ya nuna cewa ruwa haɗin haidirojin ne da iskar oksijin. A cikin watan Agustan shekarar ne Jacques Charles ya cika wani babban balan-balan da haidirojin a birnin Faris, bayan ya kwashe kwanaki yana zuba asid ɗin salfa a kan garin ƙarfe. Balan-balan ɗin ya faɗi a ƙauyen Gonesse, manoma suka far masa da kayan noma, sun zaci dodo ne ya sauko.

A makaranta, malami yakan kife ƙaramar kwalbar gwaji a kan kumfar, ya matso da ashana bakinta, a ji wata 'yar ƙara "fut". Da kaɗan abin wasa ne. Da yawa kuwa, haidirojin yana kama wuta idan ya kai kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki, kuma yana ci gaba da kamawa har zuwa kashi 75. Jirgin balan-balan na Jamus mai suna Hindenburg da shi aka cika, ya kama wuta a Amurka ranar 6 ga Mayu, 1937, mutum 36 suka mutu.

Mu ɗora a sikeli

Giram 65 na zinki yana bukatar giram 73 na tsantsar asid, wato kimanin mililita 170 na mai kaurin nan na shago. Abin da zai fito giram 136 ne na gishirin zinki da giram 2 na haidirojin. Haɗa 65 da 73, ka haɗa 136 da 2, duka 138 ne. Babu abin da ya ɓace. Da za ka auna kwalbar da zinkin kafin a fara, ka sake aunawa bayan an gama, giram biyun da suka tashi sama kaɗai za ka rasa.

Sai dai giram biyun nan ba ƙananan ba ne wajen cin wuri. A zafin Ƙonni za su cika jarkar lita 25. Ƙarfen da bai cika tafin hannu ba, ya haifi iskar da ta cika jarka. Daga nan za ka gane abin da zai faru idan yaro ya jefa zinki cikin kwalbar asid ya murɗa murfi: iskar ba ta da mafita, kwalba ta tarwatse, asid da gilashi su nufi fuska. Ga kuma zafi. Narkewar giram 65 ɗin tana sakin zafin da zai ɗaga lita guda ta ruwa da digiri 36 ko sama da haka, shi ya sa kwalbar ke ɗumi a hannu, shi ya sa kuma ake jefa guntayen kaɗan-kaɗan.

Me ke sa shi sauri?

Masu liƙi sun san cewa haɗin da aka yi da rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya fi na safiyar hunturu hanzari nesa ba kusa ba. Zafi yana sa ƙwayoyin asid su riƙa kai wa ƙarfe karo da yawa kuma da ƙarfi, kuma a irin wannan haɗi ƙarin digiri goma yakan kusan ninka sauri. Asid mai kauri ya fi wanda aka sirka. Zinkin da aka yanka siri-siri ya fi dunƙule, tun da a fatar ƙarfe kawai ake karon. Akwai kuma ɗan jinkiri a farko, inda za ka jefa guntu ya yi shiru na ɗan lokaci. Asid ɗin yana cire dusasshiyar fatar da iska ta yi wa zinkin ne kafin ya kai ga tsoka.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wannan: zinki tsantsa, wanda aka tace ƙwarai, ya fi mai datti nawa. Auguste de la Rive na Janeba ya lura da haka tun 1830. Haidirojin yana shan wuyar haɗuwa ya zama kumfa a jikin zinki, amma a jikin jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe abin ya fi masa sauƙi. Ka sa wayar jan ƙarfe cikin asid ita kaɗai, ba za ka ga komai ba. Ka bari ta taɓa guntun zinkin da ke ciki, nan take kumfa za ta fara fita daga jikin wayar, alhali zinki ne ke ƙarewa. Elektiron ɗin sun bi ta cikin ƙarfe sun je inda ciniki ya fi sauƙi. Idan ka raba ƙarafan biyu ka haɗa su da doguwar waya ta waje, elektiron za su bi wayar, ka sami wutar lantarki. A kan wannan Alessandro Volta ya gina batir na farko a 1800, kuma batir ɗin tocilar da Georges Leclanché ya kafa tushensa a 1866 har gobe kwansonsa na zinki yake ci. Tsohon batir da ya huje ya ɓata maka rediyo, kwanson ne ya cinye har ya ɓule.

Abin da ruwan liƙi ke yi

Dalmar liƙi, wadda gauraye ce ta kuza da dalma, tana narkewa tun kafin digiri 200, amma ba ta kama ƙarfen da ke da ko da siririyar fatar tsatsa. Ko ka goge wurin ya yi ƙyalli, zafin ƙarfen liƙi zai sa sabuwar fata ta fito nan da nan. Gishirin zinkin da aka shafa shi ke maganin wannan. Idan ya ji zafi yana sakin ɗan asid a daidai wurin, ya narkar da fatar, ya kuma rufe ƙarfen daga iska har dalma ta malala ta shige.

Me ya sa ba za a shafa ɗanyen asid kawai ba? A kan jan ƙarfe da tagulla da gwangwani, ɗanyen asid yana tashi da zafi tun kafin dalma ta narke, ya bar wurin tsirara, hayaƙinsa kuma ya sa duk kayan aikin rumfa su yi tsatsa. Amma a kan kwano mai fatar zinki, tsofaffin masu sana'a sukan shafa ɗanyen da aka ɗan sirka, domin yana taɓa fatar yake haɗa gishirin da kansa a wurin.

Gishirin zinki yana da hali guda marar kyau: yana jan laima daga iska har ya jiƙe. Liƙin da ba a wanke ba zai yi ta cin gefensa a ɓoye, a wayi gari buta ta sake hujewa kusa da inda aka gyara, mai ita ya ce an cuce shi. Wankewa da ruwa mai ɗan kanwa ta isa. Saboda wannan halin ne bai dace a kusantar da shi ga wayar salula ko rediyo ba, masu gyaransu da ƙaron itace suke aiki. Kuma abin da aka liƙe da dalma, a bar shi ga ban ruwan lambu da lagireto. Bai kamata a ci ko a sha a cikinsa ba, don gubar dalma tana taruwa a jiki, ta fi kuma illa ga yara.

Kwanon da ke bisa kanka

Yawancin zinkin da ke yankin nan yana saman ɗakuna ne. Kwanon rufi baƙin ƙarfe ne da aka yi wa fatar zinki, dabarar da Stanislas Sorel ya yi wa rajista a Faransa a 1837. Wajen rabin zinkin da duniya ke samarwa a wannan aiki yake tafiya. A masana'antun tsoma ƙarfe, asid ɗin gishiri ne ke fara wanke tsatsa, a bi da ruwan gishirin zinki irin na mai liƙi, sannan a tsoma ƙarfen cikin narkakken zinki mai zafin digiri 450.

Fatar ba ta kai rabin kaurin gashin kai ba, amma aikinta biyu. Tana tare ruwa da iska. Sannan idan ƙusa ta huda kwano, ko aka ƙarce shi har baƙin ƙarfe ya bayyana, abin da muka gani tsakanin zinki da wayar jan ƙarfe shi ke maimaituwa: zinkin da ke kewaye da raunin yana tura elektiron, shi yake ƙarewa, ƙarfen ya tsira. Sai ranar da zinkin wurin ya ƙare jan tsatsa ke fitowa. Gwangwanin tumatir akasin haka ne, fatarsa ta kuza ce, kuza kuma tana bayan baƙin ƙarfe a jeri, shi ya sa da an ƙarce shi a waje yake tsatsa da gaggawa.

Busasshiyar iskar yankin nan, ƙasar Adar, gata ce ga kwano. Wanda zai yi shekaru masu yawa a Illela ba zai kai haka ba a Kwatano ko Legas, inda laima da gishirin teku ke cinsa dare da rana. Abokan gabansa a nan na cikin gida ne: buhun takin zamani da aka jingina da shi, tururin fitsarin dabbobi a garken da ba ya shan iska, ɗanyen siminti, da asid ɗin wanke tayil da ya fantsama. Magini ya zuba asid ɗin nan a bokitin ƙarfe sau ɗaya, fatar bokitin ta tafi cikin 'yan mintoci.

Tsawon ran kwano ya dogara da kaurin fatar, ido kuma ba ya iya auna ta a kasuwa. Ɗakunan gwajin inganci da wannan haɗin namu suke kama mai ha'inci. Su yanki ɗan murabba'i, su auna, su tsoma cikin asid ɗin gishiri da aka sa wa maganin hana shi cin baƙin ƙarfe, su jira kumfa ta lafa, su sake aunawa. Abin da ya ragu shi ne zinkin. Kwano mai kyau yakan kai giram 275 a kowane murabba'in mita idan aka haɗa fuska biyu, mai araha kuwa yana iya gaza rabin haka, ga shi a rumfar mai sayarwa dukansu ƙyalli suke yi.

Masu walda ma suna da rabonsu. Wutar walda ta wuce digiri 907 nesa, saboda haka idan ta hau bututu mai fatar zinki, farin hayaƙi ne ke tashi. Wanda ya shaƙe shi da yawa yakan kwana da zazzaɓi da ciwon jiki, ya ɗauka sauro ne. An saba cewa a sha madara. Madara abinci ce mai kyau, amma hayaƙin huhu ya shiga, ba ciki ba. Goge fatar daga bakin da za a haɗa, da yin aikin inda iska ke kaɗawa, su ne kariya.

Kwalbar da ke cikinka

Tumbin ɗan Adam yana samar da asid ɗin gishiri kullum, ko da yake kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. To ƙwayar zinkin da ake ba yaro mai gudawa fa, za ta yi kumfa a cikinsa? A'a. Abin da ke cikin ƙwayar gishirin zinki ne, wanda ya riga ya ba da elektiron ɗinsa, ba shi da sauran abin bai wa haidirojin. Jikin babban mutum yana ɗauke da giram biyu zuwa uku na irin wannan zinkin, kuma a 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawarar a haɗa shi da ruwan gishiri da sukari: a shawarar wancan lokaci, miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba. Iyaye da yawa suna dainawa da zarar gudawa ta tsaya, alhali sauran kwanakin ne ke rage dawowarta.

Kaɗan ɗin nan magani ne, mai yawa kuma yana tayar da zuciya. Zoɓo ko kunun tsamiya ko nono da ya wuni cikin bokiti mai fatar zinki yana narkar da fatar a hankali, ya sa masu sha amai, a yi ta zargin mai dafawa. Abin tsami, a ba shi roba mai kyau ko ƙwarya ko tukunyar silba.

Mafi haɗari shi ne baƙin garin nan na maganin ɓera da manoma ke sa wa a gona da rumbu, fosfaid ɗin zinki. A busashe yana zaune shiru. Da ya isa tumbi, asid ɗin gishiri ya same shi, a maimakon haidirojin sai ya saki fosfin, iska mai kisa. Ba ya bambanta tumbin ɓera da na kaza ko na yaro. Wanda ya haɗiye shi, a garzaya da shi asibiti tare da ledar maganin, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Shi kansa asid ɗin shago, a sirka shi ta hanyar zuba shi cikin ruwa, kada a zuba ruwa cikinsa. Kada a ajiye shi a kwalbar lemo. Kada a gauraya shi da ruwan jabel wajen wanke banɗaki, don a nan kulorin yana daina zama ɗan kallo, ya fito iska mai ƙona huhu. In ya taɓa ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa na minti 15 ko fiye kafin a nemi likita.

Wani dutse, wata iska

Ka ɗauki sauran asid ɗin ka nufi Malbaza, inda masana'antar siminti ke fasa farin dutse tun shekarun 1960. Ɗiga ɗaya a kan dutsen, zai yi kumfa kamar yadda zinki ya yi, har ya fi shi gaggawa. Masu binciken ƙasa da wannan ɗigon suke gane dutsen siminti a daji. Amma ka tara iskar ka matso da ashana: babu "fut", wutar mutuwa za ta yi. Iskar ba ta tashi sama, kwanciya take a gindin kwalba, kuma babu elektiron ko ɗaya da ya sauya hannu. Wace iska ce wannan, yaya aka yi ta shiga cikin dutse, kuma me ya kawo ɓawon halittun teku tsaunukan Adar, ɗaruruwan kilomita daga gaɓar teku? Da wannan babi na shida zai fara.